Don Allah a Rage wa Takobi Kaifi

Zuwa ga masu girma, masu daraja, shugabannin kamfanin da ya ƙera wasan Kogon Dodanni,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da kwamfutocinku. Ku yi mini afuwa, ban saba magana da manya ba. Ko a aji malami ya kira sunana, muryata maƙalewa take yi. Yau ma dole ce ta sa.

Ni mai sihiri ce a wasanku. Da wayar yayata nake bugawa, a tsugune a bayan firji, don nan ne kaɗai soket mai aiki yake. A ƙungiyarmu akwai wani mai takobi da ake kira Baƙin Doki. Ban taɓa ce masa uffan ba, amma ya taɓa rubuto mini "sannu", ranar ko abinci kasa ci na yi. Yanzu shugaban ƙungiya ya ce in ban nuna amfanina a yaƙin ƙarshen mako ba, za a cire ni a sa wata mai gatari. Ga kukana:

Na ɗaya. Mai takobi danna ɗaya yake yi, dodo ya faɗi. Ni kuwa sai na tsaya cak, na ɗaga sanda, na karanta wani dogon surkulle na haɗa ƙwallon wuta kamar mai haddar jarrabawa. Kafin in kai rabi an gama yaƙi, an kwashe ganima, kowa ya watse. Ranku ya daɗe, wa zan jefa wa ƙwallon wutar? Ciyawa?

Na biyu. Shi kun ba shi sulken ƙarfe, ni kun ba ni doguwar riga mai taurari. Rigar ta yi kyau, wallahi na gode. Amma ko jemage ya shafe ni sai in mutu, kuma ba irin mutuwar littafi ba, a hankali, ana riƙe da hannunki. Kifewa nake yi rub da ciki, ƙafa a sama, a gabansa.

Na uku. Duk makin da na tara na zuba shi a sihirin Ruwan Furanni, saboda ya fi kowanne kyau. Ashe ko sauro ba ya kashewa. In ba ku so a zaɓa ba, me ya sa kuka yi shi ruwan hoda?

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na iya sihirin warkarwa. A duk littafin da na karanta, jarumi yana jin rauni, jaruma ta zo ta yi jinyarsa, ya buɗe ido a hankali ya gan ta. To ta yaya zan warkar da mutumin da ko ƙwarzane bai taɓa yi ba? Jininsa kullum a cike, kamar tankin maƙwabta.

Ba na roƙon ku ƙara mini ƙarfi, kada in ɗora muku wahala. Ku dai dakushe takobinsa kaɗan kafin ƙarshen mako, ku bar dodo ɗaya ya same shi. Rauni madaidaici, wanda zai sa ya waiwayo ya nemi mai sihiri, mai gatari ta tsaya tana kallo da gatarinta. A kafaɗa, in zai yiwu.

Amma don girman Allah, ban da fuska.

Taku mai biyayya, durƙushe har ƙasa,
Gimbiyar Raɓa