Wurin Wasan da Na Zana Babu Wurin Tsayawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban manyan kamfaninmu da baƙi daga ƙasar waje, ina ta hura hanci, ina nuna musu taswirar wurin wasan da babu inda za a yi wasa a cikinsa. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a sahun salla nake, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara daga tushe, don ku yi mini adalci kafin ku yi mini dariya. Ni ɗan unguwar Tandabawi ne, a nan Makka aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakanmu ne ya taso daga Kano ya zo aikin hajji, ya ga wuri ya yi masa, ya zauna. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san shekara kashi biyu ce, akwai mausim, wato lokacin alhazai, akwai kuma jiran mausim. Tun ina saurayi nake aikin tafwiji, aikin fitar da alhazai rukuni-rukuni daga tantunan Mina zuwa wurin jifa, a dawo da su ta wata hanyar daban. Dokar aikin guda ɗaya ce tak: kada kowa ya tsaya. Mutum ɗaya ya duƙa gyara takalmi, jama'ar da ke bayansa ba su san ya duƙa ba, daga nan sai abin da Allah ya kiyaye. Don haka bakinmu ba ya rabo da "Harrik ya hajj!", ma'ana alhaji matsa gaba. (Matata ta rantse ina faɗinta cikin barci. Na ce ƙarya take yi mini, sai ta ɗauko waya ta kunna mini muryata.)

Da ƙyar da siɗin goshi na yi karatun tsara gine-gine da yamma, na gama, na daɗe ina neman aiki. Daga ƙarshe wani kamfani mai malahi, wato filin wasanni da lilo, a kan hanyar Jidda, ya ɗauke ni a ofishinsa na tsare-tsare da ke cikin gari. Amma na gwaji ne. In na yi abin kirki a tabbatar da ni, in ban yi ba in koma jiran mausim da iyali a wuyana. Baba kuwa bai jira an tabbatar da komai ba. Kafin mako ya zagayo duk 'yan Mansur, babban titin unguwarmu, sun ji labari, har mai tsiren da nake saye a wurinsa tun ina yaro ya koma kirana "ya muhandis", wato injiniya, yana ƙara mini yanka biyu. Kun ga ke nan in na faɗi ba ni kaɗai zan faɗi ba, da fuskar tsoho zan faɗi.

A lokacin kamfanin na shirin faɗaɗa filin. Sun sayi izinin gina sababbin ɓangarori a kan wasannin bidiyo da yara ke hauka a kansu, ɗaya na tseren motoci, ɗaya kuma na wata 'yar kyanwa mai jakar goyo da ke yawo a tsibirai tana neman ɓoyayyun ƙofofi. Mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Rayyan, mutum mai tumbi da sauƙin kai, ya kira ni ya ce ɓangaren kyanwar nawa ne, in zana yadda jama'a za su yi zirga-zirga a ciki.

"Ka dai buga wasan ko?" in ji shi.

"Tab'an, ya ustaz, ƙwarai kuwa," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

Gaskiyar magana, bidiyonsa kawai na kalla, shi ma ina tsallakewa. A raina na ce, ni da gemuna da 'yata zan zauna ina bin kyanwa? Taswirar wasan dai na sa aka fitar mini a babbar takarda, na shimfiɗa a tebur. Ina dubawa gabana ya faɗi. Lunguna ne birjik, hanyoyi masu toshewa, gada siririya wadda mutum biyu ba za su gifta juna a kai ba, ga ƙofofi a bayan duwatsu babu ko alama. Na ce inna lillahi, wanda ya zana wannan bai taɓa ganin taron mutane ba. Tausayinsu ma na ji. Na naɗe hannun riga na ce bari in gyara wa bayin Allah aikinsu.

Na kuwa gyara. Ƙofar shiga ɗaya, ƙofar fita ɗaya, a tsakaninsu titi mai faɗi miƙaƙƙe, ba a juyowa baya. Benci ko ɗaya ban sa ba, don benci shi ke kiran zama, zama kuma shi ke kiran cunkoso. Ruwan sha na jera shi a gefen hanya yadda mutum zai ɗauka yana tafiya. Shagunan alawa da na 'yan tsana duk na kwashe su na kai bayan wurin ajiye motoci, can inda ba za su tare wa kowa hanya ba. Ɓoyayyun ƙofofin nan kuwa, kowacce na kafa mata ƙaton allo da kibiya, da Larabci da Turanci da Urdu, har da Hausa don kada a ce na manta gida. Sannan na tsara a riƙa shigar da mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da jagoransa riƙe da tuta. Da na gama na ja da baya na kalli aikina, wallahi har ƙwalla ta taru mini don daɗi.

Ranar gabatarwa na sa sabon tobe, jallabiyar nan tamu, fari fat. Baba da kansa ya kira ni ɗakinsa ya turara ni da turaren wuta, ya dafa kaina ya yi addu'a mai tsawo, ya ce, "Je ka, ya waladi, ɗana, Allah ya faranta maka kamar yadda kake faranta mini." Na fito ina jin kaina kamar ango.

A ɗakin taro manyanmu sun zauna a jere, abokan aiki a baya. Masu wasan kuwa ta babban allon bango suka shigo daga ƙasarsu, su da tafintansu. A tsakiyarsu akwai wata 'yar dattijuwa mai furfura da tabarau, aka ce ita ce ta ƙirƙiro kyanwar tun farko. Ta yi mana murmushi ta ɗan sunkuyar da kai, ni kuma na ce a raina, yau za ki ga yadda ake aiki.

Na kunna hoton da na shirya, mutane a matsayin ɗige-ɗige suna kwarara daga ƙofa zuwa ƙofa, babu tangarɗa. Na ce, "Kun gani? Babu wanda ya tsaya. Ko mutum ɗaya." Ɗakin ya yi tsit. Ni kuma na ɗauka mamakin gwanintata ce ta kama su (Allah ya raba mu da ƙarfin hali marar dalili), sai na ƙara wuta. Na ce iyali za su shigo su ga komai su koma motarsu tun injin bai huce ba. Na nuna hoto na ƙarshe, wanda na fi alfahari da shi: ma'aikaci sanye da kayan kyanwar, riƙe da tuta, yana kora jama'a gaba.

Dattijuwar ta yi magana a hankali, tafinta ya juya ya ce, "Tana tambaya, yaron da ya shigo, a ina zai ɓace?"

"Ba zai ɓace ba, in sha Allahu!" na ce da ƙarfi, har da bugun ƙirji. Na shiga bayanin abin hannu mai lambar rukuni da za a ɗaura wa kowane yaro.

Na ga ta sa hannu ta rufe baki. Tafinta ya yi gyaran murya ya ce, "Tana cewa wasan gaba ɗayansa ɓacewa ne. Yaro ya ɓata, ya ɗan tsorata, ya leƙa bayan dutse, ya gano ƙofa da kansa. Wannan shi ne daɗin. Kai kuma ka sa wa ƙofar kibiya."

Abu Rayyan ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Ya akhi, mu so muke su zauna, su daɗe, su ci, su sha, in an ce a tafi gida yaro ya kwanta a ƙasa yana birgima. Kai ka zana mana yadda za a kore su cikin ladabi." Daga can baya wani abokin aiki, ɗan Makka irina wanda ya san inda na fito, ya ɗaga murya ya ce, "Harrik ya hajj!" Ai sai ɗakin ya fashe. Manya da ƙanana, har mai kawo shayi. Baƙin ba su san me aka faɗa ba, amma dariya ba ta bukatar tafinta, su ma suka kama. Ni kuwa ina tsaye da sabon tobe da ƙamshin turaren Baba, kyanwa da tuta a bayana, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Da dariyar ta lafa, dattijuwar ta matso kusa da allon ta sake tambaya, wannan karon ba da wasa ba. Tafinta ya ce, "Da kana yaro, wane wurin wasa ka fi so?"

Na laluba ƙuruciyata kaf ban samu ko lilo ɗaya ba. Lokacin da yaran duniya ke zuwa wasa, wato Sallah, mu lokacin ne aiki ke kai mana iya wuya. Babbar Sallah muna Mina, ƙaramar Sallah kuma gidan kowa a sheme yake saboda gajiyar masu umarar azumi. Na ce, "Ban taɓa zuwa ba." Wannan amsar ta fi dariyar ba ni kunya.

Bayan taro Abu Rayyan ya kira ni ofis. Na shiga na riga na sallama aikin, ina ta tunanin ta inda zan bi in shiga gida ba tare da na ratsa Mansur ba. Ya naɗe taswirata ya miƙo mini ya ce, "Adana wannan, ranar da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ita za mu nema." Sannan ya ciro na'urar wasa daga aljihun tebur da katin shiga malahi guda biyu. "Wannan ka kai kyanwar nan har ƙarshe. Wannan kuma ka je ranar Juma'a. Kada in ga fuskarka sai ka yi wasa. Halas, shi ke nan, tashi."

A gida na zauna gaban Baba na kwashe komai na faɗa masa, ban rage ba. Shi mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa yana tura tsofaffi a keken guragu tsakanin Safa da Marwa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Na zaci zai yi faɗa ko ya yi dariya. Sai ya ja carbinsa ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya waladi. Laifina ne, ban taɓa kai ku ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma ba a kai ni ba." Abin ya soke ni a zuciya ƙwarai. Matata da ke bakin ƙofa ta ce kati na biyun ai ya sami mai shi, ita da yarinya sa je wani lokaci.

Haka muka tafi bayan la'asar, ƙattin maza biyu da fararen tobe, babu yaro ko ɗaya a hannunmu. Muna shiga Baba ya ce, "Ta ina ake farawa?" Na ce duk inda mutum ya ga dama. Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Muka kama hannun dama muka miƙe, ba mu ankara ba sai ga mu a ƙofar fita, mun ratsa filin kaf ba mu taɓa komai ba. Muka kalli juna. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muka juya da baya, abin da a wurin aikinmu laifi ne babba.

Akwai wani ɗan jirgin ƙasa mai fenti da ke zagaya tafki, na lallaɓa shi muka shiga, gwiwoyinmu har haɓa. "Ina zai kai mu?" in ji Baba. Na ce nan zai dawo da mu. Ya ce, "To meye amfaninsa?" Jirgin ya tashi, ya shiga wani kogo mai duhu, ruwa ya ɗan fantsamo mana, wani kwaɗon roba ya leƙo ya yi ƙara. Sai na ji Baba ya ƙyalƙyale da wata irin dariya siririya, ta yara, wadda tunda nake ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ɗayan ya damƙe hannuna. Na juya na kalli tafki don kada ya ga idona. Da jirgin ya tsaya kowa ya sauka, shi ko motsi bai yi ba. Ya ce da mai kula da jirgin, "Ya ibni, a ƙara."

Taswira ta biyu da na kai karkatacciya ce, cike da lunguna da benci da ƙofofin da ba su da allo. Dattijuwar ta gani ta tafa hannu, aka tabbatar da ni a aiki. Kyanwar ma na kai ta ƙarshe, bayan na faɗa rami sau ba adadi 'yata na yi mini dariya.

Darasin da na koya shi ne, kafin mutum ya zana wa jama'a wurin jin daɗi, ya fara zuwa ya ji daɗin da kansa, ko da gemunsa ya kai ƙirji. Sai dai ku yi hattara da wanda za ku ɗauka rakiya. Ni yanzu duk Juma'a, kafin in gama cin abincin rana, Baba ya riga ya sa takalmi yana zaune a bakin ƙofa, wai gwiwarsa ta yi sauƙi, kuma ba don kansa zai je ba, aikina zai je ya duba mini.