Yadda Ake Noman Dankalin Da Zai Rufe Bakin Suruki

Kai mai suruki, matso kusa. In ka bi matakan nan ba tsallake, na ba ka tabbacin za ka haƙo dankalin turawa a bayan ɗakinka har ka rasa wurin sa ƙafa, ko da ba ka san bambancin fartanya da ludayi ba. Ba a littafi na karanto ba. Ta kan katanga na ga maƙwabcina Injiniya ya yi, shi kuwa injiniyancin nasa bai wuce gyaran fanka ba.

1. Fara shukawa da baki

Manoma za su ce ka jira yanayi ya yi sanyi, ƙasa ta yi laushi. Rabu da su. Lokacin shuka shi ne ranar da aka yabi wani a gabanka.

Injiniya na zaune a falon surukinsa ana cin abinci, sai tsohon ya ɗaga wani ƙaton tumatir ya ce mijin autarsa ne ya nomo. "Yaro mai albarka, ba ya ciyar da iyalinsa da abin leda."

Injiniya ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ce, "Ai Baba, mu ma dankali muke nomawa a bayan ɗaki."

Matarsa ta ɗago ta dube shi. Ita dai iya saninta, ba komai a bayan ɗakin sai igiyar shanya da gawarwakin fanka.

"Madalla," in ji tsohon. "Ranar haƙa a kira ni. Da hannuna zan tono."

2. Nemo iri

Kada ka wahalar da kanka zuwa wurin masu iri. Zura hannu ƙasan kwandon kicin, ka zaƙulo waɗanda suka yamutse suka fito da tsiro kamar gashin hancin tsoho. In uwargida ta ce dama zubarwa za ta yi, ka ce mata haka ake raina arziki.

3. Yi kunya

Kunya iri biyu ce a wannan sana'a: wadda ake tadawa da fartanya, da wadda ake ji a gaban suruki. Mai hankali ta farkon kawai yake ajiyewa. Injiniya ya aro fartanya ya ja kunya uku, kowace ta karkace ta kama gabanta, ya kwana biyu yana tafiya a duƙe.

4. Riƙa duba lafiyarsa

Wai a bar dankali cikin duhu, a riƙa tura masa ƙasa, kada a taɓa shi sai ganye ya yi rawaya ya kwanta don kansa. Wannan shawarar malalata ce. Ƙa'idar Injiniya ita ce, abin da ba ka buɗe cikinsa ba, ba ka san ciwonsa ba. Kullum ya dawo daga shago sai ya tumɓuke shuka ɗaya, ya leƙa saiwar, ya yi tsaki, ya mayar, ya bi ta da bokitin ruwa don ban haƙuri.

Ba a jima ba ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Matar ta ambata wa mahaifiyarta a waya, cikin jimami. Kafin la'asar saƙo ya iso: Baba ya ce alamar nuna ke nan, yana nan tafe ranar Asabar.

5. Taimaka wa ƙasa

Ƙasa ma baiwar Allah ce, wani lokaci sai an tallafa mata. Tafi kasuwar da ba a san fuskarka ba, ka zaɓi dankali mai ƙasa a jiki. Kada ka gaya wa kowa.

Injiniya bai gaya wa matarsa ba, kuma ba don wayo ba. Ya san irin surutun da ta sha kafin a yarda ta auri mai gyaran fanka, bai ga da bakin da zai ce mata ko dankali ya fi ƙarfinsa ba. Ranar Juma'a ya faki idonta ta tafi aiki, ya rufe shago da tsakar rana, ya binne rabin buhu yana zufa yana waige, sannan ya share sawunsa ya koma bakin aiki.

6. Bar suruki ya haƙa

Tsohon ya naɗe hannun riga ya kafa fartanya. Dankali ya fara ɓullowa manya-manya, Injiniya ya goya hannu a baya yana gyaran murya. Sai kuma wani iri ya biyo baya, wankakke tas, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Injiniya ya daina gyaran murya, don bai san da wannan ba.

A kunya ta uku fartanya ta sarƙe. Tsohon ya ja, ya ɗago jar raga cike da dankali, bakinta a ɗaure.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wannan da jakarsa yake fitowa?"

"Sabon iri ne, Baba."

Matar ta kama tari. Injiniya ya matsa kusa da ita, ya yi ƙasa da murya. "Ke ce?"

"Au, kai ma? Shi ya sa na ga ramin ya ƙi ci."

"To me ya hana ki cire ragar?"

"Ƙarar babur ɗinka na ji, Maigida."

7. Karɓi sakamako

Tsohon bai yi ko murmushi ba. Ya sa Injiniya ya kwashe dankalin kaf ya loda masa a bayan mota, wai za a raba wa dangi su ga albarka. Da ya zauna a motar ya sauke gilashi ya ce, "Ɗana, mutumin da ya fitar da wannan daga kunya uku, zunubi ne a bar shi da fanka. Ina da fili a bayan gari, ciyawa ta cinye shi. Asabar mai zuwa ka same ni can da fartanya." Ya dubi 'yarsa. "Ke ma ki zo. Na ga hannunki na da kyau a binne abu."

Motar na shan kwana suka zube a bakin ƙofa suna dariya har da hawaye. Da yunwa ta taso suka koma suka tone kunyoyin da hannu, ko Allah zai sa an yi mantuwa. Guda ɗaya suka samu maƙale a saiwa, kore shar, bai fi maɓallin riga ba. Shi ne kaɗai Injiniya ya noma da guminsa, kuma koren dankali ba a cin sa. Shayi suka sha a ranar.

A kula

Alkawarin da na yi na dankali ne, kuma ya fito. Ciwon baya, kantar hannu, da duk filin da aka damƙa maka, tsakaninka da surukinka ne. In an tambaye ni, ban san ka ba, shanya kawai na fito kwashewa.