Dusar Ƙanƙara a Shagon Niƙa

"Lafiya lau, amarya," in ji tsohon yana kashe injin niƙa. "Yunwa ce ta koro ki wurin mijinki?"

Jikarsa ta tsallake buhunan masara ta shigo. Watanta guda ana gwada ta a gidan rediyo. Jiya wani mai sauraro ya bugo waya ya tambaye ta me ya haɗa dusa da ƙanƙara har ake cewa dusar ƙanƙara, ta yi ta in'ina. Shugabanta ya ce ta kawo amsa yau da ƙarfe huɗu, ko a ba wani kujerar.

"Allah ya kiyaye ni da miji mai haƙori uku. Kaka, tambaya na kawo, kuma ba inda za ni sai ka amsa."

Ya saurara, ya gyara hula. "Ai ni na raɗa mata sunan."

"Kai da ko ruwan firji ka sha sai an lulluɓe ka da bargo biyu?"

"Yarinya, a cikinta na yi wanka ina saurayi."

"Shi ya sa ka daina wanka tun daga ranar!"

"To tafi ki tambayi digirinki."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta tare hanya. "Yau ba mai niƙa ko mudu ɗaya."

Mata biyu da ke jira a waje suka fara guna-guni. Tsohon ya leƙa su, ya dube ta.

"Ƙanƙara ta taɓa dukanki a ka?"

"Ta taɓa. Kamar tsakuwa."

Ya cika hannu da dusa daga kwano, ya watsa sama. Dusar ta yi ta saukowa a hankali, ba ƙara, har ta rufe mata baƙin mayafi da gashin ido.

"Kaka! Sabo ne fa!"

"Ta yi miki zafi?"

Ta kalli dusar da ke kafaɗarta, ta girgiza kai.

Ya ce, "Ita ma ƙanƙara ce, amma mai laushi da rashin nauyi irin wannan dusar. Mai shanu ma ya isa ya gane."

Ta zaro biro ta rubuta a tafin hannu, tana dariya tana atishawa. "Na sallama, tsoho. Yau sai na gaishe ka a rediyo."

"Ki ce saurayi mai injin niƙa."

"Ƙarya a rediyo? So kake a kore ni da gaske?"