Waifa Ta Warke, Saura Direba

"Lafiya lau, tsoho. Ya ƙafa? Ko ita ma ta koyi tafiyar waifarka?"

Raudatu ce, ma'aikaciyar jinya, tsaye a tsakar gidan kakanta Malam Jaji da bokitin ruwa a hannu. Motarsa, wadda ta girmi uwar Raudatu, tana gindin mangwaro. Makon jiya ya afka rami da ita cikin ruwan sama, ya rantse laifin waifar goge gilashi ne, wai kafin ta je ta dawo mutum ya idar da raka'a biyu. Gobe kuma akwai taron suna a Damari, ya ce shi zai kwashi mata. Ga damina, ga dajin da ba a son tsayawa. Abin ya hana Raudatu sukuni.

"Amaryar da ba ta iya gaisuwa ba! An gyara min ko surutu kika kawo?"

"Gabriel makaniki ya kwance injin waifar, ya wanke giris ɗin da ya daskare tun kafin a haife ni, ya sa sabuwar roba."

"Gabriel? Wanda na sani yana yawo ba wando?"

"Jikokinsa uku yanzu. Shiga ka gwada, in za ka iya ɗaga ƙafar."

Ya shiga yana mita, ya kunna. Ta sheƙa wa gilashin ruwa. Waifa ta share shi fes, har da ɗan rawar kai.

"Har yanzu dishi-dishi," in ji shi. "An cuce ki, ƙauyanci ya ja miki."

"To, mene ne can bakin rijiya?"

"Tunkiyar Bushira mana. Ce mata ta ɗaure abarta."

Bushirar ce da kanta, ƙanwar Raudatu, durƙushe da farin hijabi tana wanke-wanke. Dariya ta zo wa Raudatu, tausayi ya hana ta.

"Angona, tunkiyar nan jikarka ce. Waifa ta warke, saura direba."

"Ni? Shekara arba'in ina bin hanyar nan! Ido rufe zan kai Damari."

"Ai makon jiya ka gwada."

"Na sake ki!"

"Alhamdu lillahi. Dama wa zai zauna da mijin da ke shirin kai ƙanwata kasuwar dabbobi?"

Tsoho ya shafa sitiyari. Can ya ce a hankali, "Tun bara hazon nan yake bi na."

"Na sani, Kaka. Yanar ido ce, cirewa ake yi. Likitan ido zai zo mana ranar Laraba."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya zare makulli ya danƙa mata.

"Ungo. Aro ne, ba gado ba, ban mutu ba tukuna. Kuma gaba zan zauna. Kika taka rami ɗaya, kin sauka."

"Da wane idon za ka gani?"

"Ƙuguna zai gaya min."