Neman Sabis A Bikin Ɗanladi

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Ɗanladi ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwar Sintali, inda aka yi liyafar, ba za su bar ni ba.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan Jalingo. Ɗan kwas na yi na 'yan watanni a Yola, amma yadda nake ɗaga kafaɗa a ɗakin malamai sai ka rantse ni na kafa turakun sadarwar Taraba gaba ɗaya. Babu abin da nake rainawa kamar in ga babban mutum da gemunsa ya fito ƙofar gida, ya ɗaga waya sama yana juyi, wai neman sabis yake. Nakan ce wa ɗalibaina wannan ƙauyanci ne tsagwaronsa. Har zane nake yi musu a allo: idan ka kunna waya, sai ta fara laluben turke, ta gabatar da kanta, turken ya tambayi kamfani ko layin nasu ne, sannan a buɗe mata hanya. A nan jinkirin yake, ba a tsawon hannu ba. (Bayanin daidai ne, ko yau ina kan bakana. Mai bayanin ne dai kansa ke rawa.)

Ɗanladi abokin aikina ne, malamin lissafi, mutum mai sanyin hali. Amaryarsa Rifkatu marainiya ce, kawunta Baba Yohanna shi ya riƙe ta tun tana rarrafe. Biki ya matso sai aka kwantar da tsohon a asibiti a Jos, za a yi masa aiki a ƙugu. Ya hana a ɗaga biki. Abu ɗaya ya roƙa: a kira shi ta bidiyo a wurin liyafa, ya ga 'yarsa cikin farar riga, ya sa musu albarka a gaban jama'a.

A taron kwamitin biki wani ya ce ai wayar amarya ta isa. Na yi wata 'yar dariya ta raini wadda har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

"Wayar hannu? A zauren da kowa ke riƙe da tasa? Ku bar min wannan aiki. Zan kawo maifai ɗina, 'yar na'urar nan mai raba intanet, da kwamfuta da majigi, Baba zai fito a bango ƙato, kamar yana tare da mu."

Ɗanladi ya ce, "To ko za mu je zauren mu gwada tukuna? Ko kuma ranar ka kunna shi tun da safe ya zauna."

"Ɗanladi, ba kaza ba ce da za ta saba da akurki. Kai ka ji da lissafinka."

Abin da nake taƙama da shi wata dabara ce da na gani a bidiyo. Maifai yakan ɓata lokaci yana laluben duk tashoshin da kamfani ke watsa sabis a kansu kafin ya zaɓi guda. Idan ka shiga saiti ka ɗaure shi a kan tasha ɗaya, ka rage masa yawo. Na gwada a ɗakina a Yelwa, na danna maɓalli, kafin in aje kofin shayi koriyar fitila ta kama. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, ina murmushi ni kaɗai kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama. Bai taɓa zuwa raina ba cewa turken da ke bayan gidanmu daban, wanda ke ba Sintali sabis daban, kuma ba lallai tashar tasu ta zo ɗaya ba.

Ranar Asabar aka tashi daga coci aka cika zaure maƙil. Na sha sabon kaftani mai ruwan ƙasa. Da gangan na ƙi kunna maifai, don so nake jama'a su ga saurinsa da idonsu. Da lokaci ya yi, Bitrus ɗan Baba Yohanna, wanda ke jinyarsa a Jos, ya turo wa ango saƙo cewa sun shirya, amma a hanzarta, don an kusa yi wa Baba allurar da ke sa shi barci. Mai gabatarwa ya miƙo min makirfo. Maimakon in kama aiki, sai na buɗe lacca. Na yi musu bayanin turke da layi, na ce zamanin ɗaga waya sama ya wuce sai a ƙauye. Na ɗaga maifai sama kamar kofin gasa, na ce, "Kafin ku ƙifta ido."

Na danna. Jar fitila.

Jama'a suka ƙifta ido, suka sake ƙiftawa. Na cusa makirfo a aljihun ƙirji, na kashe na kunna. Ja. Mai gabatarwa, wani ɗan gajere mai bakin tsiya, ya ɗauki ɗaya makirfon ya ce da irin Hausarmu ta Jalingo, "Malam, sabis ɗin ya iso, ko yana cikin keke tukuna?" Aka yi dariya kaɗan, irin ta ladabi.

Nan na gane abin da na yi wa kaina. Maganin kuwa mai sauƙi ne, in shiga saiti in kwance ɗaurin. Sai dai lambar sirrin shiga, wadda na tsawaita don kada maƙwabta su sha min data, ta gudu daga kaina fit. Na rubuta, aka ce ba ita ba. Na sake, aka ce ba ita ba. Gumi ya jiƙa bayan kaftani. Na hango Ɗanladi yana duba waya yana duba ni, Rifkatu kuwa ta sunkuyar da kai tana murza yatsu.

Daga nan ilimi ya ƙare. Na cire layi na hura masa iska, na goga shi a hannun riga (abin da na taɓa korar ɗalibi daga aji a kansa). Na nufi taga. Na miƙa hannu waje. Ban san lokacin da na jawo kujerar roba na haye ba, hannu a sama, ina juyi a hankali kamar fanka mai ciwo. Na kawo maifai kusa da baki na yi masa raɗa:

"Haba ɗan albarka, ka rufa min asiri yau kaɗai. Wallahi ba zan ƙara taɓa maka saiti ba."

Makirfon da ke aljihuna a kunne yake. Maganar ta fito ta manyan lasifikoki huɗun nan tar, har da rawar muryata. Zauren ya yi tsit. Can daga layin matan zumunta wata tsohuwa ta amsa da zuciya ɗaya, "Amin." Shi ke nan aka fashe.

Rifkatu ba ta yi dariya ba. Hannu ta miƙa wa ƙawarta, aka ciro mata wayarta daga jaka, wadda take kunne tun safe, ta danna kiran Bitrus. Nan take ya shiga. Mai gabatarwa ya kara makirfo a jikin wayar, ita kuma ta juya kyamara don Baba ya ga jama'a. Ni dai ina nan inda nake, ƙafafuna sun ƙi sauka.

Muryar tsohon ta fito a raunane. "Wane ne wancan a kan kujera? Fanka ce ta lalace?"

Rifkatu ta ce, "Malamin kwamfuta ne, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya."

Haka Baba Yohanna ya sa wa 'yarsa albarka ta fuskar waya mai faɗin tafin hannu, Rifkatu na hawaye, Ɗanladi ya durƙusa kusa da ita, mata suna share ido. A bango kuwa majigina na haska ƙaton fili shuɗi wanda babu kowa a cikinsa. Na sauko a hankali, na naɗe wayoyina, ko shinkafar ban tsaya ci ba.

Ranar Litinin na tarar labari ya riga ni zuwa makaranta. Da na juya ga allo sai in ji wata siririyar murya daga baya, "ɗan albarka." Ɗanladi kuwa bai taɓa tada maganar ba, kuma wannan shirun nasa ya fi dariyar zauren ciwo.

Abin da na koya shi ne, abin da ka gwada a ɗakinka kai kaɗai, kana kurɓar shayi, ba ka gwada shi ba tukuna. Kuma idan za ka yi abin burgewa, bari ya yi aiki kafin ka yi jawabi.

Bana Rifkatu ta haihu, Baba Yohanna ya zo da ƙafarsa yana dogara sanda. An sake sa ni a kwamitin bikin suna, don Ɗanladi ba ya riƙo. Aikin raba ruwan leda aka ba ni, na kuwa raba shi tsaf ba tare da na yi wa kowa bayani ba.