Barasa a Fuskar Kaka

Kaka na zaune a bakin gado, kuncinta ya yi jawur ya kumbura. Tun da aka cire mata wani tabo a asibiti, likita ya hana ta shiga rana sai ta shafa man kariya. Jikanta direba ta aika ya sayo mata jiya. Tana jin sallamarsa ta rarumo robar man.

"Sannu da gida, amaryata. Kai! Wa ya mare ki?"

"Kai ka mare ni, mijin banza! Me na ce ka sayo?"

"Man rana. Ga ma hoton rana a jiki."

"Hoton zan shafa? Likita ya ce mara ƙamshi. Wannan ina buɗewa har maƙwabta suka yi atishawa."

"Na ji tsufa ya fara tashi ne, na ce bari in taimaka."

"Ubanka ma da na haifa bai taɓa gaya min haka ba! Da daddare na kai wa mai kemis ya karanta min bayan robar. Na farko ruwa, na biyu barasa, na uku turare. Barasa! Shekara saba'in ban san ɗanɗanonta ba, sai kai ka sa na shafa a fuska."

"Shi ya sa na ga kina tangaɗi."

"Farin sinadarin nan mai tare rana kuwa, ko ɗigo babu. An ce mai lamba hamsin, ka kwaso min sha biyar."

"Ai sha biyar ɗin shekarunki ne a idona."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya masa kuncin sosai wajen hasken taga, inda fatar ta saluɓe tana tsattsafo ruwa.

"A ina ka saya?"

Ya sosa ƙeya. "Cikin cunkoso. Wani ne ya miƙo min ta tagar mota."

"Ta taga! Fuskar tawa!"

Ya tsuguna a gabanta. "Na yi laifi, Kaka. Tashi mu je kemis, ki zaɓa da kanki."

"A wannan ranar? So kake ka ƙarasa gasa ni?"

Ya cire faffaɗar hularsa ya kifa mata a kan ɗankwali, ta rufe ta har hanci.

"Na ba ki, kyauta."

"Warin fetur take yi," ta ce daga ƙarƙashinta. Dariya ta kuɓuce mata, ta yi saurin dafe kunci. "Daina ba ni dariya, ja'iri, zafi yake min. Miƙo min takalmina."