Ranar da Na Kamo Rogon Mutane da Fatsa

Ko tsufa ya ci ƙarfina, ba zan taɓa mantawa da hutun daminar da na yi a Suleja ba, lokacin ma Abuja ake kiran garin. Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara aka yanke mini cibi, don haka na sauka gidan yayana da fatsa a jaka da girman kai a ka.

Kwana uku da zuwana aka ce surukan Yaya za su zo daga Tafa. Matarsa, Yaya Asabe, tana shirin sa a yanka kaza, sai na yi karaf na ce, "Haba Yaya, ina gidan nan za a ɓarnatar da kaza? Ki haɗa kayan miya kawai, kifi kam sai kin ce ya isa."

Ta dube ni ta ce, "Ka san rafin garin nan kuwa? Ka tambayi mutane mana."

Ni in tambayi mutanen tudu inda kifi yake? (Allah Ya yafe mini, har dariya na yi mata.)

Na bi gefen rafi ina taƙama, na wuce masu wanki, har na iske wani lungu inda ruwa ya kwanta luf, kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. A garinmu wannan alamar tarwaɗa ce, babba ma kuwa. Akwai wani tsami-tsami da ke bugun hanci, amma na ce ai kowane ruwa da warinsa. Na soka tana, na wurga.

Ban daɗe ba na ji fatsa ta yi nauyi. Na ja, abu ya ƙi motsi. Na kafa ƙafa, na sassauta, na sake ja, yadda Baba ya koya mini. Farin ciki ya sa na kasa riƙe bakina, na kwarma ihu, "Jama'a, ku zo ku ga kifi!" Masu wanki suka bar wanki, mutane suka cika bakin rafi, ni kuwa har bayani nake musu cewa irin wannan sai gwani.

Da na tattara ƙarfina na fizgo, sai ga buhu ya taso, ya yage, farin rogo ya watse cikin ruwa. Ashe nan ne matan unguwar suke jiƙa rogonsu kwana da kwanaki kafin su shanya su yi alabo. Kumfar da na gani ta rogo ce!

Wata dattijuwa da ƙwarya a kafaɗa ta ratso taron, ta kalli rogonta, ta kalle ni. Ta ce, "Yaro, daga ina?"

Na ce, "Yawuri, Iya," da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba.

Ta ce, "To ɗan Yawuri, kifinka yana guduwa. Shiga ka kamo mini shi."

Haka na naɗe wando na shiga ina tsintar rogo ɗaya-ɗaya, mutane na nuna mini, "Ga wani can, gwani!" Wallahi na so ruwan ya haɗiye ni, amma ko gwiwata bai kai ba.

Na koma gida a jiƙe ina tsami, ina ta tunanin yadda na bar baƙi da miya babu nama. Sai ƙamshin kaza ya tare ni tun daga zaure. Yaya Asabe ta ce, "Ai kana fita na sa aka yanka." Wannan ya fi dariyar rafi yi mini ciwo, amma cinya biyu na ci.

Tun daga ranar, in na sauka baƙon gari, ko randa zan leƙa sai na tambayi masu gida abin da ke ciki.